Tarihin Edwin Hubble, Mutumin da Ya Auna Nisan Taurari

'Yan'uwana ɗalibai, da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in ba ku tarihin wani masani mutumin Amurka mai suna Edwin Hubble, wanda ya rasu tun 1953. Dalilin da ya sa na zaɓe shi kuwa, wani abu ne da ya faru da mu 'yan aji biyar cikin watan Nuwamban da ya wuce. Ran nan muna tsakiyar karatun dare sai aka ɗauke wuta. Maimakon malaminmu na kimiyya ya sallame mu, sai ya ce mu biyo shi filin ƙwallo. Babu farin wata, damina ta ɗauke, hazo bai sauko ba tukuna, sama ta yi tas. Ya fara nuna mana Kaza da 'ya'yanta, waɗanda kowa ya sani tun daga gida. Sa'an nan ya sa muka fuskanci arewa muka ɗaga kai sosai, ya yi ta kwatance har muka gano wani ɗan haske dishi-dishi, kamar an shafa alli da yatsa a jikin allo. Ya gaya mana sunansa Andiromeda, kuma hasken da ke shiga idonmu a daren nan ya baro can tun shekara miliyan 2 da rabi da suka wuce.

Ni dai ban yarda ba. Na ce a raina, wa ya je can da igiyar awo? Da gari ya waye na tare malam da wannan tambaya, shi kuwa ya ƙi ba ni amsa, ya tura ni laburare in nemi sunan Hubble. Abin da na samo ke nan na kawo muku. Amma kafin in fara, bari in share wa iyayenmu wani shakku. Ilmin taurarin da nake magana a kai ba shi da haɗi da duba ko bugun ƙasa. Aiki ne na awo da lissafi, ana neman sanin girman taurari da nisansu da tafiyarsu.

An haifi Edwin Hubble ran 20 ga Nuwamba, 1889, a wani ƙaramin gari da ake kira Marshfield cikin jihar Misuri. Mahaifinsa ma'aikacin inshora ne. Yana ɗan shekara 10 ko kusa da haka iyalinsu suka koma Wheaton, kusa da birnin Shikago. A makaranta an fi saninsa a filin wasa, don dogo ne ƙaƙƙarfa, har a 1906 ya yi tsallen sama da babu wani ɗan sakandare a jiharsu da ya taɓa yin irinsa. Daga nan ya shiga Jami'ar Shikago ya karanta lissafi da ilmin taurari, ya sami digiri a 1910.

A shekarar nan ya ci gurbin karatu kyauta zuwa Jami'ar Oksfod ta Ingila. To, a nan ne aka sami saɓani. Zuciyarsa tana wajen taurari, mahaifinsa kuwa lauya yake so ya zama. Ya bi maganar mahaifinsa ya karanta shari'a. Shekara 3 ya yi a can, ya komo da lafazin mutanen Ingila da lofe a baki, abin da wasu abokan aikinsa suka riƙa yi masa kallon iyayi a kai har ƙarshen rayuwarsa. Mahaifin ya rasu a farkon 1913. Da Hubble ya dawo gida sai ya kama aikin koyarwa a wata sakandare a garin New Albany, yana koyar da Sifananci da lissafi da kimiyya, yana kuma horar da yara ƙwallon kwando. Bayan shekara guda ya ga dai abin da zuciya ke so shi ne magani. A 1914, yana gab da cika shekara 25, ya koma ɗalibi a gidan binciken taurari na Yerkes, ya sami digirin dakta a 1917.

Tun bai gama ba, George Hale, shugaban gidan binciken taurari na Dutsen Wilson a jihar Kalifoniya, ya yi masa tayin aiki. Sai ga shi Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Hubble ya ajiye tayin ya shiga soja, ya kai muƙamin manjo, aka kai su Faransa, amma yaƙi ya ƙare kafin rundunarsu ta gwabza. Sai a 1919 ya hau Dutsen Wilson. Ya kuwa zo a kan gaɓa, domin ba a daɗe da gama kafa madubin hangen nesa mafi girma a duniya a lokacin ba, mai faɗin inci 100, watau mita 2 da rabi.

Yanzu bari in faɗi matsalar da ya tarar. Duk taurarin da muke gani da ido, har da ranarmu, 'yan garke ɗaya ne. Farin zirin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda Turawa ke kira Hanyar Madara, shi ne garken namu kamar yadda muke hango shi daga ciki. Amma ban da taurari, masu bincike sun daɗe suna ganin wasu ɗigo-ɗigon haske masu kama da hazo, wasunsu a murɗe kamar gammo. Andiromeda ɗaya ce daga cikinsu. Tambayar ita ce, mene ne su? Wasu masana suka ce hayaƙi ne kawai da ke cikin garkenmu, kuma garkenmu shi ne iyakar samaniya. Wasu suka ce a'a, kowane ɗaya garke ne mai zaman kansa, nisa ne ya mai da shi ɗigo. A watan Afrilu na 1920 aka shirya muhawara a birnin Washinton, Harlow Shapley ya tsaya wa ra'ayi na farko, Heber Curtis ya tsaya wa na biyu. Aka tashi baram-baram, don babu wanda ya san nisan waɗannan abubuwa. Gardama ba ta iya raba wannan rigima, sai awo.

Ma'aunin kuwa wata mace ce ta samo shi, Henrietta Leavitt, ma'aikaciya a gidan binciken taurari na Jami'ar Harvard. Tana da lalurar rashin ji, aikinta kuma shi ne zama a ɗaki tana duba hotunan sama da maza suka ɗauko, a kan ɗan albashi kaɗan. Akwai wasu irin taurari da nake so in kira masu numfashi, domin suna kumbura suna motsewa, haskensu ya ƙaru ya ragu a kan ƙa'ida, wani cikin kwana 3, wani cikin kwana 30 ko fiye. A 1912 ta nuna, bayan ta bi diddigin guda 25, cewa gwargwadon tsawon numfashin tauraro gwargwadon ƙarfin haskensa na ainihi. Ga amfanin wannan. A ce da dare ka hango fitila a daji. In ba ka san irinta ba, ba ka iya cewa aci-balbal ce a kusa ko fitilar mota ce daga nesa. Amma in ka tabbata fitilar mota ce, dusashewarta za ta gaya maka nisanta, domin in nisa ya ninka biyu, haske yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Watau da ka ƙirga kwanakin numfashin tauraro ka san irin fitilarsa, da ka san irin fitilarsa ka san nisansa. Leavitt ta rasu a 1921, ba ta ga abin da aka yi da ma'auninta ba.

Kada ku zaci aikin Hubble na jin daɗi ne. A kan dutse yake kwana cikin sanyi mai ratsa ƙashi, rufin ɗaki a buɗe, ba a hura wuta don kada zafi ya ɓata hoto. A zamanin nan a kan faifan gilashi ake ɗaukar hoto, kuma dole mutum ya manna ido a na'ura yana bin tauraro a hankali, wani lokaci sa'o'i da yawa, don kada hoton ya yi jirwaye. A daren 5 ga Oktoba, 1923, wayewar 6 ga wata, ya ɗauki hoton Andiromeda. Ya ga wasu ɗigo uku da ya zaci sababbin taurari ne masu tartsatsi, ya sa musu alama. Da ya koma ofis ya jera wannan hoto da tsofaffin hotuna, sai ya lura ɗaya daga cikinsu ya daɗe a wurin, haskensa ne ke ƙaruwa yana raguwa. Ya soke alamar farko, ya rubuta wata da jan tawada. Ya sami tauraro mai numfashi a cikin Andiromeda.

Bai yi gaggawar shela ba. Ya yi watanni yana bin tauraron har ya tabbata numfashinsa kwana 31 ne da 'yan sa'o'i, sa'an nan ya buga lissafi. A nan sai in bayyana ma'aunin da ake amfani da shi. Haske yana tafiyar kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti 8 da ɗan ɗoriya yake yi. Nisan da yake ci a shekara guda shi ake kira shekarar haske. Lissafin Hubble ya ba shi kimanin shekarar haske 900,000. Shi kansa Shapley, wanda ya fi kowa kai girman garkenmu nesa, bai wuce da shi shekarar haske 300,000 ba. Ashe Andiromeda tana can waje, garke ce mai zaman kanta. A watan Fabrairu na 1924 Hubble ya rubuta wa Shapley wasiƙa ya aika masa da sakamakon, Shapley kuwa ya ga hujja ya sallama. A watan nan ne kuma Hubble ya auri matarsa Grace. Bayan ya samo ƙarin irin waɗannan taurari da dama, aka karanta takardarsa gaban taron masana a Washinton ran 1 ga Janairu, 1925. Daga ranar aka san garkenmu ɗaya ne tak cikin ɗimbin garkuna.

A 1926 ya kasa garkunan nan kashi-kashi bisa siffarsu: masu siffar ƙwai, da murɗaɗɗu, da murɗaɗɗu masu sanda a tsakiya, da waɗanda ba su da takamaimiyar siffa. Har yau ana amfani da wannan rabo. Amma babban aikinsa na biyu yana gaba.

Kowa ya taɓa tsayawa bakin titi babbar mota ta wuce tana oda. Sa'ad da take tahowa ƙarar takan yi tsini, da ta wuce sai ta yi kauri. Haske ma haka yake. In aka ratsa da hasken tauraro ta cikin gilashi mai kusurwa uku, yakan rabu zuwa launukan bakan gizo, da wasu baƙaƙen layuka a ciki. In abin yana matsowa, layukan sukan gusa wajen shuɗi, in yana nisanta sukan gusa wajen ja, kuma yawan gusawar shi ke nuna saurin tafiyar. Tun daga 1912 wani masani mai suna Vesto Slipher, a gidan bincike na Lowell cikin jihar Arizona, yake wannan awo. Ya gano Andiromeda tana matso mu da saurin kilomita 300 a daƙiƙa, amma galibin sauran guduwa suke yi daga gare mu. Slipher ya san saurinsu, bai san nisansu ba. Hubble ya auno nisan, ya haɗa biyun. A 1929 ya fitar da takarda a kan garkuna 24, ya nuna cewa gwargwadon nisan garke gwargwadon saurin gudunsa. Wanda ya ninka wani nisa sau biyu, ya ninka shi sauri sau biyu.

Garkuna 24 sun yi kaɗan a kafa hujja da su. Wanda ya taimake shi ya ƙarfafa ta shi ne Milton Humason, mutumin da labarinsa ya fi ba ni sha'awa. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta. Ya yi aikin kora alfadarai masu hawa da kayan gini kan Dutsen Wilson, a 1917 aka ɗauke shi mai shara a gidan binciken. Saboda naci da tambaya ya koyi sarrafa na'urorin, har ya zama babu kamarsa wajen ɗauko hasken garkuna masu nisa, wani hoton ma sai ya kwana da yawa a kansa. A 1931 shi da Hubble suka kai awonsu ga garkunan da ke gudun kusan kilomita 20,000 a daƙiƙa, ƙa'idar kuwa ba ta karye ba.

Mene ne ma'anar wannan? Ɗauki balan-balan ka ɗiɗɗiga masa tawada, sa'an nan ka hura. Kowane ɗigo zai ga sauran suna nisantarsa, na nesa ya fi na kusa sauri, alhali babu ɗigon da yake tsakiya. Watau sararin samaniya ne kansa yake buɗewa. Albert Einstein, wanda a 1917 ya yi wa lissafinsa ƙari don samaniya ta tsaya cik, ya ziyarci Dutsen Wilson a farkon 1931, ya kuma janye wancan ra'ayi. In kuwa garkuna suna rabuwa yau, to, jiya sun fi kusa da juna, kuma in aka yi ta komawa baya za a kai lokacin da komai yake cure wuri ɗaya cikin tsananin zafi. Daga nan binciken farkon samaniya ya samo tushe. A 1965 Arno Penzias da Robert Wilson suka ba da labarin wani raunannen haske da ido ba ya gani, mai zuwa daga kowace kusurwa ta sama, wanda ya tabbata ragowar wancan zafi ne.

Tarihi ba ya cika sai an faɗi inda mutum ya gaza. Na farko, Hubble ba gwanin raba yabo ba ne. Yawancin awon saurin da ya yi amfani da shi a 1929 na Slipher ne, amma bai ambaci sunansa a takardar ba, sai daga baya. Har ila yau wani limamin Kirista ɗan ƙasar Beljiyam, Georges Lemaître, ya riga shi fitar da wannan ƙa'ida ta hanyar lissafi tun 1927, sai dai da Faransanci ya rubuta a wata mujalla da ba a cika karantawa ba. A 2018 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta jefa ƙuri'a ta ba da shawarar a riƙa kiran ƙa'idar da sunayensu su biyu.

Na biyu, alƙalumansa ba daidai suke ba. Saurin buɗewar da ya samu ya ninka na gaskiya wajen sau 7. Bisa lissafinsa shekarun samaniya ba su wuce biliyan 2 ba, alhali masana duwatsu sun nuna ƙasar da muke takawa ta fi haka tsufa. Ka ji inda ɗa ya girmi ubansa. Sai a 1952 Walter Baade ya gano bakin zaren: ashe taurari masu numfashi iri biyu ne, an cakuɗa su wajen gyara ma'aunin. Da aka gyara, nisan ya ninka. Almajirin Hubble, Allan Sandage, ya ƙara gyarawa a 1958. Yau an san nisan Andiromeda kimanin shekarar haske miliyan 2 da rabi ne, shekarun samaniya kuwa kimanin biliyan 13.8. Abin lura shi ne, da irin hanyar da ya bi aka gano kuskurensa, domin ya baje awonsa a fili yadda kowa zai iya sake aunawa. Shi kansa har ya mutu bai yanke hukunci cewa gusawar haske wajen ja tana nufin buɗewar samaniya ba. Ya tsaya a kan abin da ya auna, ya bar wa masu lissafi fassara.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya bar taurari ya yi wa soja aikin lissafin tafiyar harsashi a Aberdeen cikin jihar Maryland, aka ba shi lambar yabo a 1946. Da aka gama sabon madubi mai faɗin inci 200 a Dutsen Palomar, shi aka ba girman ɗaukar hoton farko a watan Janairu na 1949. Cikin shekarar nan ciwon zuciya ya buge shi, ƙarfinsa ya ragu, amma bai bar aiki ba. Ya rasu ran 28 ga Satumba, 1953, a San Marino ta Kalifoniya, sanadiyyar toshewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa, yana da shekara 63. Bai bar ɗa ba, ba a yi taron jana'iza ba, matarsa kuma ba ta taɓa faɗin inda aka sa shi ba. Bai sami kyautar Nobel ba.

Ran 24 ga Afrilu, 1990, aka harba wani madubin hangen nesa mai ɗauke da sunan Hubble zuwa sama jannati. A watan Disamba na 1995 aka auna shi kwana 10 a kan wani ɗan wuri a sama da ake gani kamar babu komai, sai ga garkuna wajen 3,000 a hoton. Da yake haske yana ɗaukar lokaci kafin ya iso, duban nesa duban baya ne, saboda haka wasu daga cikin garkunan nan an gan su ne yadda suke tun samaniya tana ƙuruciya. A watan Disamba na 2021 aka harba wani da ya fi shi girma mai suna James Webb, don a hango abin da ya fi haka nisa.

Na koma wurin malam na gaya masa na sami amsar tambayata: babu wanda ya je can, amma an auna, kuma na fahimci yadda aka yi. 'Yan'uwana, mu da za mu fita bana, da yawanmu muna cikin irin halin da Hubble ya shiga, iyaye suna son abu kaza, zuciya tana son wani. Shi ya yi biyayya, ya kuma riƙe abin da yake so har lokaci ya yi, bai ce shekara 25 ta yi yawa a koma aji ba. Iyayenmu kuma ina roƙonku da ladabi, in kun ga yaro ya nace wa wani fanni, ku zauna ku ji ta bakinsa kafin a cika takarda. Wanda kuma jarrabawa ta ba shi kashi, ya tuna da mai kora alfadarai.

Daga ƙarshe, in kaka ta zagayo, ku sami daren da babu wata, ku nisanci fitilu, ku fuskanci arewa bayan lisha ku ɗaga kai. Ku ba idonku kamar minti 15 ya saba da duhu. In kun sha wuyar gano ta, ku zo aji biyar kafin mu tafi, ni zan nuna muku wurin.